Kunnen Dama na Malam Haladu

Da sunan Allah nake farawa, Shi da ya ɗora mana wannan jinya kuma ya sauke mana ita. Sunana Asabe, ina soya kifi a Karmo. Mijina Malam Haladu direba ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, kuma shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu. Na rubuta wannan ne don duk wanda kunnensa ɗaya ya fara mutuwa ya san ba kullum ne datti ba. Na kuma rubuta don wani mutum guda ya karanta. Ba zan kira sunansa ba, Darakta zan riƙa ce masa, ai ya san kansa.

Da ƙara abin ya fara. Malam ya ce yana jin kamar kukan gyare a kunnensa na dama, ba dare ba rana. Ya sa gashin kaza ya sosa, ya sa tsinken ashana. Na sayo masa maganin ɗigawa a kemis. Muka share zancen, don mutumin da yake fita tun rana ba ta fito ba ina ya ga lokacin kukan gyare.

Wanda bai san aikin direban manya ba, bari in gaya masa yadda zaman yake. Direba yana gaba ta hagu, oga yana baya ta dama. Duk maganar da oga zai yi, kunnen dama take fara samu. Darakta kuwa irin mutanen nan ne masu magana ciki-ciki, yana yi yana latsa waya, a ganinsa ɗaga murya zubar da girma ne. Sai ya ce a biya ta Wuse, Malam ya miƙe abinsa. Ya ce a rage sanyin mota, Malam bai ko motsa ba. Kullum Malam ya dawo gida ransa a jagule, ya ce oga ya ce yana yi masa kunnen uwar shegu, shi kuwa wallahi bai ji an yi magana ba. A gida ba mu gane komai ba, saboda ni muryata ko daga bakin titi na yi kira sai an ji ni a ƙarshen layi.

A masallaci ya gane. Wata Asabar da azahar wayar makirfo ta yi gajarta, dole ya riƙe shi da hannun dama, ya toshe kunnen hagu da yatsa, saɓanin yadda ya saba. Ya ce nan take unguwa ta ɗauke ɗif, ko injin mai niƙa da ke jikin masallaci bai ji ba. Ya dawo gida ya zauna a bakin gado ya ce, "Asabe, kunnen nan fa ya mutu."

Mako na farko muka je asibitin kusa. Tun safe muka yanki kati, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Aka wanke kunnen, aka ce datti ne. Mako biyu bayan nan ciwon kai ya shigo, muka koma, aka ɗebi jini aka ce taifot ne da zazzaɓin cizon sauro. Ni ban san ciwon da za ka kai asibitin nan a kasa samo taifot a cikinsa ba. Ya shanye magunguna tas, gyare bai daina kuka ba. Yayarsa Uwani ta taso daga Orozo da man tafarnuwa da turaren hayaƙi, ta ce jifa ne, wani ke son kujerar ladanci. Ta ɗaura masa laya a damtse. Ban hana ta ba, ƙaninta ne.

Wajen wata na huɗu tafiyarsa ta canza. Yana tafiya kamar wanda ke tsaye a cikin kwalekwale. In yana alwala ya kurkure baki, ruwa ya riƙa zubowa ta gefe ɗaya. In ya gaji da yamma harshensa ya yi nauyi. Na ce ya nemi hutu, ya ce oga yana fushi da shi, ba yanzu ba.

Ranar wata Litinin aka yi abin da har in koma ga Allah ba zan manta ba. Ban kasance a wurin ba, amma mutum huɗu sun ba ni labari kuma bakinsu ya zo ɗaya. Darakta ya sauko filin ajiye motoci, ya kira Malam sau uku bai ji ba. Da wani ya taɓa shi, ya taso da sauri ya karɓi jakar oga, sai ƙafa ta kwashe shi, ya yi tangaɗi ya daki jikin mota, jaka ta buɗe takardu suka watse. Ashe Darakta yana da murya. Mutumin da shekara da shekaru ba a jin abin da yake faɗa daga kujerar baya, ran nan har masu gadin ƙofar waje sun ji shi.

"Me ka sha? Ladan da ƙwaya! Kai ne kake tashin mutane salla?"

A gaban direbobi, da masu shara, da mai sayar da abinci, ya sa wani mai gadi ya shinshina bakin mijina. Mai gadin ya ce shi ban da asuwaki bai ji komai ba. Darakta ya ce ai akwai ƙwayar da ba ta wari. Kafin a tashi aiki an miƙa wa Malam takardar tuhuma, an karɓe makullin mota, an ce ya zauna a gida har a gama bincike.

Maganar ta riga shi isowa Karmo, don akwai mai shara a ma'aikatar da ke salla a masallacinmu. Bayan kwana biyu Liman ya yi sallama a ƙofa, yana ta sunkuyar da kai, ya ce jama'a sun ga ya kamata Malam ya ɗan huta da kiran salla har ya ji sauƙi. Malam ya ce to. Tun daga ranar yake zaune a ɗaki yana jin muryar wani da kunnensa ɗaya da ya rage. Wannan ya fi ciwon kan cin ransa. Ni kuma a bakin kaskona mata su zo sayen kifi suna yi min jaje da baki, idonsu yana leƙen ƙofarmu ko za su ga mashayi ya fito. Albashi da aiki duk ban damu da su kamar sunansa ba. Mutumin da ko goro ba ya ci aka shafa wa wannan kashin kajin, na kuwa yi alkawari a raina sai wanda ya shafa ya goge da hannunsa.

Allah ya kawo mana mafita ta inda ban zata ba. Wata safiya ina kasuwar kifi ta Kado ina cinikin tarwaɗa, wata mata ta dafa ni. Madam Rifkatu ce, sakatariyar Darakta, 'yar Filato. Da na gane ta na ɗaure fuska, don na san ita ta buga takardar.

Ta ce, "Maman Fati, sori. Ni na buga wannan leta, amma zuciyana bai yarda ba. Babana ya sha giya har ya mutu, na san masu sha. Mai sha yana faɗi ko'ina, gaba, baya. Oga Haladu kullum gefen dama yake karkata. Kullum dama. Ki kai shi wurin likitan kunne a babban asibiti, ba wannan na taifot ba."

Abin da ni matarsa ban lura da shi ba, ita ta lura daga tagar ofis. Allah ya saka mata da alheri, ya raya mata 'ya'yanta.

Sai da muka yi mako biyu kafin layi ya zo kanmu. Likitan kunnen bai yi gaggawa ba. Ya kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu ya ɗora wa Malam a goshi da bayan kunne. Ya sa shi tafiya a kan layin tayil, ƙafa gaban ƙafa, Malam ya tafi dama. Ya murza auduga ya taɓa masa ƙwayar idon dama, ido bai ƙifta ba. A nan na ga fuskar likita ta canza. Ya ce sai an yi hoton da ake kira MRI. Na ce ai an taɓa yi masa hoton kai. Ya ce wancan ƙashi yake gani, wurin da yake zargi kuwa wani lungu ne a gindin ƙoƙon kai, ƙashi mai kauri ya kewaye shi, sai na'ura mai aiki da maganaɗisu ce ke iya nuna tsoka da jijiyar da ke ciki.

Na'urar asibitin ta lalace, ana jiran mai gyara. Muka jira mako uku, mai gyara bai zo ba, Malam kuwa ya fara dafa bango in zai je banɗaki. Na sayar da firizata muka tafi wurin hoto na 'yan kasuwa. Can ma sai da aka fara gwada ƙodarsa, saboda wani ruwa da za a sa masa a jijiya don hoton ya fito sosai.

Ranar hoton Yaya Uwani ta biyo mu. Ma'aikacin ya ce a cire duk wani ƙarfe, agogo, makulli, tsaba, har ya tambaya ko an taɓa sa masa ƙarfe a jiki. Muka ce babu. Ya goga masa wani abin bincike, abin ya yi ƙara a damtse. Ashe akwai allura a cikin layar Yaya. Ta ce ba za a cire ba, malamin ya ce ko wanka kar a cire. Ma'aikacin ya ce, "Mama, injin nan zai fizge allurar ko ta cikin naman mutum ne." Ni na kwance layar da hannuna na ba ta ta riƙe. Aka miƙa wa Malam abin toshe kunne guda biyu saboda ƙarar na'urar, ya mayar da ɗaya ya ce a adana wa wani, shi guda ya ishe shi. Ma'aikacin ya yi dariya ya ce duk da haka ya sa. Aka kwantar da shi, aka rufe masa kai da wani abu kamar kwando, aka tura shi cikin rami. Daga waje ina jin bugu kamar ana ƙira a maƙera. Ya ce shi karatu ya yi ta yi a ciki. Ni kuwa gaskiya zan faɗa, a kan benci nake ina jera wa Darakta Allah ya isa.

Bayan kwana uku muka kai wa likita hoton. Ya maƙala shi a jikin fitila. Ko ni da ban yi boko mai nisa ba na gani, wani farin dunƙule kamar goro a gefen dama, ɓangaren hagu kuma babu. Maganarsa tana nan a kaina: "Ƙari ne a kan jijiyar ji. Ba irin mai yaɗuwa ba ne, amma ya girma, yana danne wurin da ke riƙe mutum a tsaye." Ya ce sai an yi aikin tiyata an cire shi. Malam ya tambaya ko ana rayuwa bayan aikin. Ni kuwa, Allah ya yafe min, tambayata daban ce.

"Likita, ƙwaya ko giya tana kawo wannan?"

"Ko kaɗan."

"To rubuta min. Ka buga hatimi."

Washegari na saka mayafina mai kyau na tafi ma'aikatar da babban ambulan ɗin hoton a hammata. Madam Rifkatu ta shigar da ni. Ban zauna ba. Na zaro hoton na manna shi a gilashin tagarsa inda rana ke shigowa, na ce, "Ranka ya daɗe, ga ƙwayar da mijina yake sha." Ya daɗe yana kallo. Ya karanta takardar likita. Sannan ya koma muryarsa ta ciki-ciki ya ce Allah ya ba shi lafiya, za a duba fayil. An kuwa duba. Cikin mako guda aka janye tuhuma, aka sa takardar janyewa a fayil, aka rufe a kabad. A fili aka zage shi, a kabad aka wanke shi, kuma babu wanda ke salla a masallacinmu da yake da makullin kabad ɗin.

Mako biyar muka jira aikin tiyata. Aka ce a kawo masu ba da jini, direbobin ma'aikatar suka zo su shida, har da mai gadin nan da aka sa shinshina baki, yana ta ɓoye fuska. Na gode musu. An shiga da Malam da hantsi, ba a fito da shi ba sai da rana ta yi ja. Kwana huɗu yana ɗakin da ba a barin kowa ya shiga sai ta gilashi. Da aka dawo da shi ɗakin jinya bakinsa ya karkace, idon dama ba ya rufuwa, sai in ɗiga masa magani in manne fatar da filasta. Kunu nake ba shi da ƙaramin cokali ta gefen hagu, a hankali don kar ya shaƙe. Komai kai za ka sayo, safar hannu, auduga, har ruwan wanka sai ka bi layi. Akwai nas ɗin da in ka kira ta kamar ka zagi iyayenta, akwai kuma wadda ta koya min yadda zan murza masa fuska da tafin hannu, ba ta taɓa gajiya da tambayata ba. Likitocin da suka tsaya a kansa yini guda, ba ni da bakin gode musu.

Mun dawo gida bayan mako uku. Ya koyi tafiya daga bango zuwa bango, daga baya da sanda, daga baya ya ajiye sandar. Kunnen dama dai ya tafi ke nan, tuƙi ma an ce ya haƙura, aka mayar da shi sito. Hoto na biyu ya nuna ɗan guntun da aka bari don kar a tsinke jijiyar fuska, za a riƙa duba shi duk shekara. Shawarata ga mai karatu ita ce, in kunne ɗaya ya mutu, ga ƙara, ga jiri, kar ka tsaya wanke kunne wata da watanni kamar yadda muka yi. Nemi likitan kunne, in ya ce hoto, ka yi hoton ko me za ka sayar.

Amma a layinmu maganar ba ta mutu ba. Wasu suka ce ƙari daban, shaye-shaye daban, ai babban mutum kamar Darakta ba zai faɗi abin da bai gani ba. Makirfo yana hannun wani. Malam ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma ina nan ina jira.

Ana saura kwana goma maniyyata su fara tashi, Madam Rifkatu ta kira ni. Ta ce oga zai tafi Hajji, yana zagayen neman yafiya kamar yadda ake yi, kuma ya tambayi kwatancen gidanmu, Asabar bayan azahar zai zo. Na ce Allah ya kawo shi lafiya.

Na share ƙofar gida tas. Na aika wa Liman da dattawan layi cewa babban baƙo zai zo duba Malam, ya kamata a tarbe shi. Na shimfiɗa musu tabarmi a ƙarƙashin rumfar da nake suya. Na fito da kujerar Malam na jingina ta yadda kafaɗarsa ta hagu ke manne da bango. Farar kujerar roba guda ɗaya da muke da ita na goge ta na ajiye a damansa. Da na hango motar ta shawo kwana, na miƙa wa mai niƙa bokitin tattasai na ce ya niƙa min yanzu, ya yi laushi sosai.

Darakta ya fito da farar shadda, aka gaisa, na nuna masa kujera. Ya zauna, ya sunkuya wajen Malam ya yi 'yar maganarsa ciki-ciki. Malam yana kallon gabansa, wannan gefen fuskar ko motsi ba ya yi. Ya sake. Malam bai ji ba. Ya ɗago ya dube ni.

Na ce, "Sai ka ɗaga murya, ranka ya daɗe. Wannan kunnen ne, wanda ka saba yi wa magana."

Ya duba ko zai koma ɗaya gefen, ya ga bango. Ya ɗan ɗaga murya, injin niƙa ya haɗiye ta. Dattawa suka daina hira. Malam ya juyo ya ce, "Asabe, me oga yake cewa?"

"Wai a yafe masa."

"Me ya yi?"

"Shi zai faɗa."

Na ga gumi yana bin wuyan shaddar. Zai iya tashi ya shiga motarsa, amma mai shirin tsayuwar Arfa ne, ga Liman yana kallonsa. Ya cika ƙirji ya buɗe muryar nan tasa ta filin ajiye motoci, daidai lokacin da tattasaina ya ƙare injin ya mutu.

"Na ce kana shan ƙwaya! Ban bincika ba, ƙarya na yi maka! Ka yafe min!"

Har matan da ke leƙe ta katanga sun ji. Mai sharar nan da ya kawo maganar ƙwayar unguwarmu yana kan tabarma, ya sunkuyar da kai. Malam ya kama hannun Darakta da hannu biyu ya ce ya yafe duniya da lahira, Allah ya sa a yi karɓaɓɓiya. Haka yake, shi ya sa nake riƙe masa fushinsa. Sai Liman ya dubi inuwa ya ce, "Malam Haladu, la'asar ta yi fa." Malam ya miƙe ba sanda ya nufi masallaci. Muryar ta ɗan karkace kamar bakin, amma tasa ce. Na tsaya a bakin kasko ina hawaye, na ce wa mai tambaya hayaƙi ne.

Da aka idar, Darakta ya biyo ta rumfata zai shiga mota. Ya tsaya, ya rage murya ya ce, "Hajiya, ke ma a yafe mana."

Na juya masa kunnena na dama, wanda lafiyarsa ƙalau, na ci gaba da juya kifina.